Kafin ka sayi sabon famfon dizal, nemo abin da ya kashe tsohon

Famfon mai na lantarki bai cika mutuwa don tsufa ba, kashe shi ake yi. Shi ya sa in aka janyo mini a-kori-kura mai dizal aka ce famfo ya ƙone, ba na tura yaro Ƙofar Ruwa ya sayo sabo sai mun gano abin da ya ci tsohon. In ba haka ba, hanyar da na farko ya bi ita sabon zai bi, mai mota ya dawo yana faɗa wai jabu aka saka masa. Wani lokaci jabun ne da gaske. Amma galibi laifin yana cikin tanki, ko a tiyo, ko a wata waya da tsatsa ta cinye a ƙarƙashin mota ba wanda ya leƙa ta.

Tun farko ma ka tabbatar motarka tana da shi, don ba kowace ke da shi ba. Hilux mai injin 5L ko 2KD ko 1KD ba ta zo da famfon lantarki a tanki ba. Babban famfonta, wato wanda ke harba mai cikin inji, shi ke janyo mansa da kansa, sai ɗan famfon hannu da ke kan filta wanda ake dannawa in iska ta shiga. Haka Land Cruiser mai injin 1HZ. Duk wanda ya ce maka famfon tankin irin wannan mota ya ƙone, ka riƙe kuɗinka. Masu shi su ne irin su Ford Ranger daga 2011, da Volkswagen Amarok, da manyan motocin Amurka da ake shigowa da su na hannu: Dodge Ram, da Ford F-250 da F-350, da tsoffin Chevrolet masu injin 6.5. Sai kuma motocin da wani bakanike ya ƙara musu shi daga baya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ka murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama, kada ka tayar, ka kasa kunne wajen tanki. In ka ji gurnani na 'yan daƙiƙu ya ɗauke, to shi ne.

Abin da ke cikinsa

Ka yanka mataccen famfo ka duba, ba wani abin mamaki a ciki. Ƙaramin injin lantarki ne mai amfani da wutar batir, da naɗin waya mai juyawa a tsakiya, da burushin gawayi guda biyu da ke gogar wani zoben tagulla suna ba shi wuta. A bakinsa kuma akwai abin da ke tura man: a wasu ƙananan faranti ne ko ƙarafa masu birgima cikin wani gida, a wasu giya biyu ce ɗaya cikin ɗaya, a wasu kuma fanka ce mai ƙananan haƙora. Sai bawul guda biyu, ɗaya na hana mai komawa baya in an kashe mota, ɗaya kuma ƙwallon ƙarfe ne da sifirin, yana buɗewa in matsi ya yi yawa.

Abin lura a nan shi ne, a yawancinsu man da famfon ke turawa ta cikin injin nasa yake ratsawa. Ba shi da fankar sanyaya shi, ba shi da giris, ba shi da baƙin mai. Dizal ɗin shi ne ruwan da ke sanyaya shi, shi ne kuma maiƙon da ke hana ƙarfe cin ƙarfe. Wanda ya taɓa ganin sumon rijiyar burtsatse ya ƙone don ruwa ya janye a bazara ya riga ya fahimci rabin karatun. Duk abin da ya rage man da ke bi ta cikinsa, ko ya gurɓata shi, ko ya cakuɗa shi da iska, rage masa kwana yake yi.

Darasin Dodge

In ana maganar mutuwar wannan famfo, ba motar da ta yi ƙaurin suna kamar Dodge Ram mai injin Cummins 5.9 da aka ƙera daga tsakiyar 1998 zuwa 2002. Ina son kawo labarinta ko ga wanda bai taɓa ganin ta ba, don duk kuskuren da za a iya yi wajen ɗaura famfo an tara shi a nan.

Kafin ita, daga 1994 zuwa 1998, injin yana da famfon ɗaukar mai na ƙarfe wanda injin da kansa ke motsawa, babban famfonsa kuma, P7100 na kamfanin Bosch, da baƙin man inji yake samun maiƙo. Ba ruwansa. Da aka koma VP44, shi ma na Bosch, sai lissafi ya canza. Wannan da dizal yake samun maiƙo da sanyi, ga kuma 'yar kwamfuta a ɗaure a kansa wadda ba ta son zafi. Kusan kashi 70 cikin 100 na man da ake tura masa ba ƙonawa ake yi ba, ratsawa yake ya kwashi zafi ya koma tanki, ta wani bawul da ke buɗewa in matsi ya kai wajen psi 14 (psi ma'aunin matsi ne). Wato dole a riƙa ɗura masa mai fiye da abin da inji ke sha.

To wa aka ɗora wa wannan aiki? Wani ɗan famfon lantarki da aka ɗaure a jikin injin kansa. Ka duba fa: inji mai silinda shida na dizal yana girgiza shi dare da rana, zafin inji yana gasa shi, tanki kuma yana can baya, sai ya tsotso mai ta doguwar hanya mai ƙananan mahaɗai. Famfon lantarki kuwa turi ya iya, tsotso ba sana'arsa ba ce. Sai ya riƙa rauni a hankali. Mugun abin shi ne mota ba ta tsayawa, domin VP44 yana da ɗan ƙarfin janyo mai da kansa. Direba na tafiya bai san komai ba, alhali babban famfo yana aiki da yunwa da zafi, har ranar da zai tsaya cak. Ƙaramin abu mai araha ya ja babba mai tsada sun tafi tare. Daga baya kamfanin ya mayar da famfon cikin tanki, motocin 2005 haka suka fito, masu tsoffin kuma da yawa a Amurka suka koma sayen na kamfanonin FASS da AirDog suna ɗaurawa a jikin shasi kusa da tanki, suna kuma saka geji a gaban direba.

Ba Dodge kaɗai ba. Ford mai injin 7.3 ta 1999 zuwa 2003 famfonta yana jikin shasi, amma akwai wata ƙafar roba a ƙarshen bututun da ke cikin tanki. In ta tsufa sai ta karye, mota ta riƙa shaƙar iska tun geji yana nuna rubu'in tanki, gutsattsarin robar kuma su toshe ragar ciki. Ita kuwa Chevrolet 6.5 wutar famfonta ta cikin makunnin matsin baƙin mai take bi, in bakin makunnin ya ƙone sai famfo ya yi shiru alhali lafiyarsa ƙalau. An zubar da famfuna masu rai da yawa a kan wannan.

Yunwa da iska

Babban makashin famfo shi ne a toshe masa baki. Ragar da ke cikin tanki ta cika da datti, ko tiyo ya lanƙwashe, ko cikinsa ya ruɓe ya riƙa mannewa in an tsotsa, daga waje kuma ka gan shi sumul. Famfo na ja, mai ba ya zuwa yadda ya kamata, sai man ya fara tsattsagewa yana yin ƙananan kumfa, kumfar kuma tana fashewa a jikin ƙarfe tana ƙwaƙule shi kaɗan-kaɗan. Kukansa ma canzawa yake, daga gurnani ya koma tsuwa mai kaifi.

Akwai toshewar da mutane ba sa tunawa da ita sam: numfashin tanki. Man da ya fita dole iska ta maye gurbinsa, ta murfi ko ta wani siririn tiyo da ke saman tanki. Ƙurar hunturu in ta haɗu da danshin mai tana toshe shi. Motar gona da aka ajiye watanni kuwa, na sha zare wannan tiyo in tarar zanzaro ya yi gininsa a ciki, laka ta bushe ƙam kamar da gangan aka liƙe. Alamarta ita ce mota ta tashi lafiya, ta yi tafiya mai ɗan nisa, sannan ta fara shaƙewa. Ka tsaya ka buɗe murfin tanki. In ka ji ya ja iska da ƙarfi, fuuu, mota kuma ta warware nan take, ka gama bincike, ba ka kashe ko sisi ba.

Sai batun tafiya da ƙarancin mai. Ana yawan cewa in mai ya yi ƙasa famfo zai kwaso dattin gindin tanki. Ni ban yarda da wannan bayani ba, domin bakin bututun kullum a gindin yake, ko tanki ya cika ko bai cika ba. Illar gaskiya biyu ce. Ta farko, man da ke dawowa daga inji da zafinsa yake dawowa. In tanki a cike yake sai zafin ya ɓace a cikinsa, in kuwa lita biyar ce ta rage, ita za ta yi ta zagayawa tana ƙara zafi, ga rana ta watan Afrilu tana dukan kwalta a ƙarƙashinta. Dizal in ya yi zafi tsinkewa yake, maiƙonsa ya ragu. Ta biyu, a kwana ko gangara ko hanya mai gargada man yana gudu gefe, famfo ya haɗiyi iska, ya yi gudu a bushe. Kowane karo ɗan kaɗan yake ci, amma ba ya dawowa. Na san tsadar gas ce ke sa direba ya riƙa zuba na yini ɗaya, ba ganganci ba ne. Sai dai abin da mota ke sha ɗaya ne, ko daga rabin tanki take sha ko daga gindi. Ka daure sau ɗaya ka kai shi rabi, daga nan ka ci gaba da zuba na kullum a kai, kada ka bari ya sauka ƙasa da rubu'i.

Toshewar gaba kuma, wato filtar da ke bayan famfo, ita wahalarwa take yi ta wata fuska: famfo na turi da ƙarfi, yana jan wuta da yawa, man da ke ratsa shi ya ragu, zafi ya taru, burushi ya cinye da wuri.

Abin da ake zubawa a tanki

Ruwa ne kan gaba. Yana zuwa daga tankin gidan mai da damina, daga durom da aka bari a buɗe, daga raɓar da ke taruwa cikin tankin da ba komai a ciki. Ya fi dizal nauyi, don haka gindi yake kwanciya, daidai inda bakin famfo yake. Ba shi da maiƙo, yana kuma sa tsatsa, musamman in mota ta kwana biyu ba a tayar ba. A inda ruwa da mai suka haɗu kuma wasu ƙwayoyin halitta suna tsira, su ne baƙin kitsen nan mai yauƙi da wari da kake gani ya liƙe raga. In ka ga wannan, canza famfo kawai ɓarnar kuɗi ce, sai an sauke tanki an wanke.

Yashi da ƙura ba sai na faɗa ba. Jarkar 'yan bumburutu da mazurarin da ke kwance a ƙasa sun ishe su hanya. In tafiya ta tilasta maka saye a bakin titi, ka tace da kyalle mai tsabta, ka bar ɗan na ƙarshen jarkar kada ka juye duka. Kada kuma ka adana dizal a durom ko bokiti mai rufin tutiya, irin farin ƙarfen nan na kwanon rufi, don dizal yana cin tutiyar ya kai ta cikin nozul.

Maiƙon man ma abin dubawa ne. A Amurka, da aka rage sinadarin farar wuta a dizal zuwa kashi 15 cikin miliyan a 2006, tacewar da ke cire shi ta rage wa man santsi, dole sai da aka riƙa ƙara masa magani kafin ya isa gidan mai. Mu a nan abin da ya fi damun mu gauraye ne: dizal da aka sirka da kananzir ko wani abin da ba a san asalinsa ba, da wanda aka dafa a ɓoye a jeji. Kananzir da fetur ba su da santsin dizal. Kuma don Allah a daina zuba tsohon baƙin mai a tanki da sunan ƙara maiƙo. Tsohon inji yana iya haƙuri, amma na zamani, musamman masu babban famfo CP4 na Bosch irin na Amarok da Ford 6.7, ba ya yafiya. In wannan ya fara cin kansa, garin ƙarfe yake watsawa har nozul da tanki, sai an canza kusan komai.

Wuta

Sashen da makanikai ke tsallakewa ke nan su bar wa mai wayarin, shi kuma ba a kira shi sai abu ya ɓaci. Famfo yana nesa da batir, wayarsa tana bin ƙarƙashin mota cikin ruwa da taɓo. Soket ya yi kore, ko wayar negetif da ke ɗaure a shasi ta yi tsatsa, ko bakin rile, wato makunnin da ke sakar wa famfo wuta, ya ƙone, sai wutar da ke isa ta ragu. Famfo ya rage gudu, matsi ya faɗi, wani lokaci ya kasa juyawa ma, kuma injin lantarkin da aka ba wuta bai juya ba zafi kawai yake tarawa. Abin yana bin ta ɗaya hanyar ma: famfon da ya fara cijewa yana jan wuta fiye da ƙima har ya narkar da soket. Saboda haka in ka ga robar soket ta yi baƙi ko ta narke, ka canza su tare. Fiyus kuma in yana yawan ƙonewa magana yake yi maka. Wanda ya naɗa masa zaren waya ya rufe masa baki ne kawai.

Yadda nake bin sa

Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wuta, gejin matsin mai, guntun tiyo garai-garai wanda ake ganin ciki, da jarka mai tsabta. A kashe sigari, a nisanta da mai walda. Abu ɗaya kuma da nake gargaɗin yarana a kai kullum: a injin zamani kada a kuskura a sassauta bututun ƙarfe da ke zuwa nozul inji na aiki. Matsin da ke ciki yana iya haura bar 1,500 (bar ma'aunin babban matsi ne), yana huda fata. Duk gwajinmu a ɓangaren ƙaramin matsi yake, tsakanin tanki da babban famfo.

Ina farawa da kunne da murfin tanki, kamar yadda na faɗa. In famfo ya yi shiru, sai fiyus da rile. Rile ana iya musanya shi da wani irinsa da ke cikin akwatin a gani. In an bubbuga gindin tanki ko jikin famfo ya tashi, to burushi ya ƙare. Zai kai ka gida, amma kada ka yi doguwar tafiya da shi.

Daga nan sai mita, kuma a bakin famfon ake aunawa yana cikin aiki, ba a soket da aka zare ba. Waya ko saura zare ɗaya a cikinta za ta nuna maka volt 12 in ba kaya a kanta. In inji na aiki batir yana nuna tsakanin 13.5 da 14.5, abin da ke isa famfo bai kamata ya gaza wannan da fiye da rabin volt ba. In ya gaza, ka bi wayar fositif da ta negetif ɗaya bayan ɗaya har ka ga inda wutar ke maƙalewa. Sai dai wasu sabbin motoci kwamfuta ce ke rage wa famfo wuta da gangan gwargwadon buƙata, a irinsu ƙaramar lamba ba laifi ba ce.

Sannan geji. Kowace mota da adadinta, kada ka ɗauki na wata ka auna wata. Dodge mai VP44 kada ta gaza psi 10 in inji na aiki, masu ita da suka san ciwonta ma sun fi son ganin 14 zuwa sama saboda bawul ɗin can. Ford 7.3 da 6.0 sama da 45 suke so. Chevrolet 6.5 ba ta kai 10 ba. Kuma awon mota a tsaye yaudara ne. Famfo mai rauni yana iya cika geji in inji ba ya shan komai. Ka ja tiyon gejin ka ɗaure shi inda za a gani ta gilashi, a hau titi, a taka totur a hawa, da kaya in da hali. Nan ne allura ke faɗin gaskiya. In akwai wurin aunawa kafin filta da bayanta, ka auna duka biyu. A Dodge ɗin nan bambancin da ya wuce psi 5 yana nufin filta ta toshe.

In matsi ya yi ƙasa, saura ka raba gardama: famfon ne ko hanyarsa? Ga famfon da ke wajen tanki abin da sauƙi. Ka zare tiyon shigarsa, ka sa wani gajere cikin jarkar dizal mai tsabta. In matsi ya dawo daidai, famfo ba shi da laifi, matsalar tana tanki ko bututu. Ka kuma saka tiyon nan garai-garai a hanya ka zuba ido. Mai lafiyayye yana wucewa kamar ba ya motsi. In ka ga jerin kumfa, iska na shiga ta wani wuri. Ka tuna ɓangaren tsotso ba ya ɗiga, ciki yake ja, don haka rashin ganin jiƙa a ƙasa ba shaida ba ce. Ka duba kilif-kilif, da robar murfin filta, da bututun ƙarfe inda ya goga da shasi. Mai mitar auna amfiya yana da ƙarin haske: jan wuta da yawa alamar toshewar gaba ce ko cijewa, jan kaɗan tare da tsuwa alamar yunwa ce ko iska.

Abu na ƙarshe, wanda na fi jin daɗinsa: a yanka tsohuwar filta, a warware takardar a rana. Jan gari tsatsar tanki ce. Baƙin yauƙi ruwa ne ya daɗe. Ɓarɓashin baƙar roba tiyo ne ke ruɓewa daga ciki. In kuwa ka ga ƙyalli kamar an barbaɗa garin azurfa, ka ajiye sifana ka kira mai mota. A nan nakan ce, "Alhaji, zauna tukuna, maganar ta wuce ƙaramin famfo."

In za a ɗaura sabo

Ka sayi na dizal, kuma na motarka. Na sha ganin an cusa famfon motar fetur a tankin dizal don ya shiga ramin kuma ya fi sauƙin kuɗi. Dizal ya fi fetur kauri nesa ba kusa ba, matsin da aka gina famfon fetur a kai kuma daban ne. Ko dai ya wahala ya mutu da wuri, ko ya yi wa inji yawa. Araha ba ta ado. Tsakanin sabo marar suna da ɗan Kwatano na asali, ni na fi karkata ga na biyun, da sharaɗin a gwada shi da geji a gabana, ba a taɓa shi da batir a ji ya yi kuka kawai ba. Gwajin nan na bushe ma da 'yan kasuwa ke yi cutarwa ne in ya wuce ƙiftawar ido.

Tunda an riga an sauke tanki, a wanke shi, a canza raga, a busa tiyon numfashi, a saka sabuwar filta. In na waje ne, a ɗaure shi kusa da tanki, ƙasa-ƙasa yadda mai zai gangaro masa da kansa, nesa da salansa, a kan roba don rage girgiza, a kuma kare shi daga duwatsun hanya. Tiyon shiga kada ya fi na asali ƙanƙanta, ya zama na mai ba na ruwa ba, kuma a rage lanƙwasa. Kafin famfo raga mai faɗin ido ake sakawa, wajen maikiron 100 (ma'aunin faɗin idon raga ke nan), ta tare tsakuwa kawai. Filta mai laushi, ta maikiron 10 zuwa ƙasa, bayan famfo take zama. Masu juya wannan tsari da niyyar kare famfo su ne ke shaƙe shi da hannunsu.

Wuta kuma a ja ta daga batir da waya mai kauri, ta bi ta fiyus da rile, makulli ya zama umarni kawai yake bayarwa. A kankare fenti da tsatsa a inda za a ɗaure negetif har ƙarfe ya yi fari. Kada a haɗa shi yadda zai ci gaba da aiki in inji ya mutu, don in aka yi haɗari bututu ya fashe zai yi ta kwararar da mai.

Kafin a tayar, a murɗa makulli a bar famfo ya yi gurnaninsa ya ɗauke, a kashe, a maimaita har kukansa ya yi nauyi, alamar ya cika da mai. A Dodge mai VP44, in ka ɗan taɓa sitata ka saki ba tare da inji ya tashi ba, famfon zai yi aiki na kusan daƙiƙa 25, da haka ake cika filta. Haka za ka riƙa yi duk lokacin da aka canza filta.

Filtar kuwa kada ka jira adadin kilomitan da littafi ya faɗa, da man wata ƙasa aka yi wannan lissafi. Ni a rabinsa nake canzawa, in ajiye guda a mota. Akwai ɗan makunni a gindin filta na zubar da ruwa, ka riƙa buɗe shi kana tarawa a kwalba, da damina ko da sau ɗaya a mako, kuma in fitilar ruwa ta kama a gabanka ka tsaya a lokacin. In motarka mai VP44 ce ko CP4, ka sa a ɗaura maka gejin mai na dindindin a gaban direba, ko fitilar da ke kamawa in matsi ya faɗi. Ka rubuta lambar da allura ke nunawa ranar da aka saka sabon famfo, a tsaye da kuma a hawa, ka manna a inda za ka riƙa gani. Ranar da ka ga ta fara sauka daga nan, ka fara da filta.